Yadda Ƙaramin Ɗan Kasuwa Zai Tsara Shafinsa Na Intanet Tun Kafin Ya Biya Kuɗin Gini

Wani baffana yana da shagon yadi a Kantin Kwari da ke Kano, inda ya shafe fiye da shekara ashirin yana sayar da shadda da atamfa da leshi. A shekarun baya wani matashi da ya karanci kwamfuta ya zo ya shawo kansa cewa shago irin nasa bai kamata ya zauna babu shafin intanet ba. Suka yi ciniki, Baffa ya biya, kuma cikin mako uku aka nuna masa shafi mai kyan gani, ga sunan shagon da manyan baƙaƙe, ga hotunan shadda suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ya yi murna har ya sa aka buga adireshin a jikin ledojin shagon da katin da yake ba baƙi. Bayan shekara guda, wata rana da la'asar, ya miƙo mini wayarsa ya ce, “Ɗana, duba mini, wai an ce shafin nan ba ya buɗewa.” Da na duba sai na ga wa'adin adireshin ya ƙare, da muka ƙara bincike kuma muka gano cewa matashin ya yi rajistarsa ne da sunansa da imel ɗinsa, ga shi ya tafi bautar ƙasa a kudu ya canza lamba. Na ce, “Baffa, a cikin shekarar nan mutum nawa suka ce ta shafin suka same ka?” Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce bai taɓa tambayar kowa ba. Ledojin kuwa suna nan jibge a bayan kanta, ɗauke da adireshin da ba ya kai mutum ko'ina.

Ba na ɗora wa matashin laifin duka, domin ya gina abin da aka biya shi ya gina. Abin da aka rasa shi ne zaman da ya kamata mai shago ya yi da kansa tun kafin a kira magini, ya yanke shawarar aikin da yake so shafin ya yi masa, da wanda zai mallake shi, da wanda zai riƙa kula da shi, da kuma yadda za a gane ko yana kawo ciniki. Mutumin da zai kama shago a kasuwa yakan yi kwanaki yana zagaye, yana duba layin da masu saye suka fi bi, yana tambayar kuɗin haya da ainihin mai rumfar, kafin ya ba da ko sisi. Irin wannan natsuwar ce shafin intanet yake buƙata, kuma mafi yawan aikin ana yin sa ne da biro da takarda.

Shin lokacin ya yi?

Tambaya ta farko ita ce ko kasuwancinka yana buƙatar shafin a yanzu. Mai sayar da waina ko mai shagon tireda da duk masu sayensa 'yan unguwa ne ba shi da wata ribar da zai samu daga shafi, kuma mai sayar da turaren wuta daga gida wadda ba ta wuce ciniki biyar a mako, tana iya wadatuwa da manhajar WhatsApp Business, wadda aka fito da ita a 2018, kyauta ce, kuma tana ba da damar jera kaya har 500 da hoto da farashi. Shafi yana fara zama dole ne idan masu saye sun soma zuwa daga garuruwan da ba a san ka ba, ko idan saƙonni sun yi yawa har ana amsa tambaya ɗaya sau talatin a rana, ko kuma idan kana neman ciniki da ma'aikatu da kamfanoni waɗanda sukan bincika sunan mutum kafin su tura masa kuɗi.

Akwai kuma dalilin da ya fi waɗannan nauyi a wurina. Duk wanda kasuwancinsa yake zaune a kan Facebook ko Instagram ko TikTok kaɗai, ya kafa rumfa ne a filin wani, kuma zanen aro ba ya rufe katara. A ranar 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida a duk duniya. A cikin shekarar ce kuma gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter tun daga watan Yuni, ba a buɗe shi ba sai a Janairun 2022, kuma waɗanda suke talla a can suka wayi gari babu hanyar isa ga masu sayensu. Abin da ya fi wannan yawan faruwa shi ne a yi wa mutum kutse a ƙwace asusunsa, ko kamfanin ya rufe shi bisa wani ƙorafi, mabiyan da aka tara cikin shekaru su tafi a dare ɗaya. Adireshin da ka yi wa rajista da sunanka yana nan a hannunka muddin kana biyan kuɗinsa, kuma daga nan za ka iya nuna wa mutane sabon asusu idan tsohon ya salwanta.

Aiki ɗaya, mai saye ɗaya

Idan ka tabbatar lokacin ya yi, ka ajiye ƙaramin littafi a kan kanta na tsawon mako biyu, ka riƙa rubuta kowace tambaya da mai saye ya yi, ko a shago, ko ta waya, ko ta saƙo, da irin kalmomin da ya yi amfani da su. Lokacin da muka yi wannan a shagon Baffa, tambayoyin da suka cika littafin ba su wuce shida ba: nawa ne yadi biyar na wannan shaddar, akwai wannan kalar, ta asali ce ko kwaikwayo, kuna aikawa Abuja ko Yola, nawa ne kuɗin mota, kuma idan kaya bai yi ba ana canzawa? Babu wanda ya tambayi tarihin shagon ko burin mai shi, alhali su ne suka cinye rabin tsohon shafin. Abin da ya taru a cikin littafin shi ne abin da za a rubuta a shafi, kuma tambayar da ta fi maimaituwa ita za ta hau sama.

Daga nan sai ka rubuta jimla ɗaya tak da ke faɗin aikin shafin, misali, “Ina so mai sari daga wani gari ya ga kayan da nake da su, ya yarda cewa shagon na gaske ne, sannan ya yi mini magana ta WhatsApp.” Wannan jimlar ita ce ma'aunin da za ka auna duk wani abin da magini zai ce a ƙara. Idan ya kawo shawarar a sa wurin rajistar masu ziyara, ko bidiyon da ke tashi da kansa, sai ka tambaye shi ta yaya abin zai taimaka wa mai sarin nan ya yi maka magana, in babu amsa a bar shi. Ka kuma zaɓi irin mai sayen da ka fi nema, domin buƙatar mai sari dabam take da ta mai sayen ɗai-ɗai. Mai sari yana son ya san mafi ƙarancin adadin da ake sayarwa da rangwamen da ake yi a kan dila, amarya mai haɗa lefe tana son ganin kala da kyau da tabbacin kaya zai iso kafin ranar, ɗan uwanmu da ke zaune a Ingila ko Saudiyya kuma yana son hanyar biyan kuɗi daga can da wanda zai kai wa iyalinsa kayan har gida. Shafin da ya yi ƙoƙarin yi wa duka ukun magana a fuska ɗaya yakan rikita kowa.

Suna da mallaka

Nan ne ya kamata a fi tsayawa, domin nan ne aka fi yin asara. Abubuwa biyu ake biya wa kuɗi a kowace shekara: sunan adireshi, wato abin da ake rubutawa a isa shafin, da kuma masauki, wato kwamfutar kamfanin da ke ajiye hotuna da rubutun shafin dare da rana. Dukansu haya ce, ba saye ba, kuma idan wa'adi ya ƙare ba a sabunta ba, bayan ɗan lokaci wani yana iya ɗaukar sunan. A Najeriya ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke kula da adireshin da ya ƙare da .ng da .com.ng, kuma ana yin rajista ne ta hannun kamfanonin da ta amince da su. A Jamhuriyar Nijar adireshin ƙasa yana ƙarewa da .ne. Ga wanda masu sayensa suke cikin gida, ina ganin .com.ng ya wadatar, yana da sauƙin kuɗi, kuma ana biyansa da Naira. Wannan batun ba ƙarami ba ne, domin tun da aka saki farashin Naira a watan Yunin 2023, duk abin da ake biya da Dala ya yi tsada matuƙa, kuma mutane da dama sun bar shafukansu sun mutu saboda kuɗin sabuntawa ya fi ƙarfinsu.

Sunan ya zama gajere, wanda za a iya faɗa ta waya a cikin hayaniyar kasuwa mai saurare ya rubuta shi daidai ba tare da an maimaita ba. Ka tuna cewa a al'ada adireshi ba ya ɗaukar baƙaƙenmu masu lanƙwasa, saboda haka “ɗinki” zai koma “dinki”, kuma kalmar da ke da alamar ɗauri a tsakiya, kamar “sana'a”, za ta rasa ta. Ka rubuta sunan yadda zai fito, ka nuna wa mutum biyu ko uku su karanta, ka ji ko ma'anar ta canza. Ka guji sa lambobi da karan ɗori (-), kuma ka duba ko sunan yana nan a sake a Facebook da Instagram, domin ya zama suna ɗaya ake kiranka da shi a ko'ina. Idan ba ka yi wa kasuwancin rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ba, wannan ne lokacin da ya dace, saboda takardar za ta yi maka amfani wajen buɗe asusun banki da sunan shago, kuma zai yi ciwo ka gina shafi da suna sannan ka tarar wani ya riga ka yi masa rajista.

Rajistar adireshin kuma a yi ta a gabanka, da sunanka, da imel ɗin da kai kaɗai ka san kalmar sirrinsa, da lambar wayar da aka haɗa da lambarka ta NIN. Kada lambar ta zama layin da aka jefa a aljihun tebur, domin kamfanonin waya sukan ba wani mutum layin da ya daɗe ba a amfani da shi, kuma wanda ya gaji layin yana iya karɓar lambobin sirrin da ake turo maka. Ka kunna tabbaci mai mataki biyu a kan imel ɗin, wato bayan kalmar sirri sai an sa wata lamba da ake turowa wayarka kafin a shiga. Magini a ba shi nasa izinin shiga dabam, wanda za a iya janyewa ranar da aiki ya ƙare. Ka rubuta sunan kamfanin da aka yi rajista da shi, da ranar ƙarewar wa'adi, da kalmomin sirri, a cikin littafin da kake ajiyewa tare da takardun shago, ka kuma sanar da mutum ɗaya amintacce a cikin iyalinka inda littafin yake, domin rai da ajali. Idan da hali ka biya kuɗin adireshin na shekara biyu ko uku a lokaci guda.

Abin da za a zuba a ciki

Ƙaramin kasuwanci ba ya buƙatar fiye da fuska huɗu ko biyar. Ta farko ta faɗi abin da kake sayarwa da garin da kake da yadda za a same ka, duk a cikin abin da allon waya zai nuna kafin mutum ya ja ƙasa. Ta biyu ta jera kaya. Ta uku ta yi bayanin biyan kuɗi da aikawa da sharaɗin canji. Ta huɗu ta nuna shagon kansa, da hoton ƙofarsa da allon sunansa, da sunan gida da layi da lambar shago, da kwatance irin wanda za ka yi wa baƙo ta waya, tun da a kasuwa kamar Kwari kwatancen baki ya fi taswira amfani. Ka sa lokutan buɗewa na gaskiya, har da lokacin da ake rufewa ranar Juma'a. Wanda ke nesa tsoron damfara ne ya fi damunsa, kuma gani ya kori ji, saboda haka hoton shago da mutanen da ke cikinsa ya fi duk wata kalmar yabon kai tasiri.

Batun hoto yana da muhimmanci musamman ga mai sayar da yadi ko kayan sawa. Kada a kwaso hotuna daga shafukan wasu, domin ranar da kaya ya isa hannun mai saye ya ga bai yi kama da hoton ba, an rasa shi ke nan, shi da duk wanda zai ba labari. A shagon Baffa mun gano cewa farin kwan lantarki yana mai da shadda ruwan toka ta koma kamar shuɗiya, don haka muka koma ɗaukar hoto da hantsi a bakin ƙofa, a inuwa, a kan farin ƙyalle, hoto ɗaya daga nesa, ɗaya kuma kusa yadda zanen saƙar zai fito. Kowane kaya muka ba shi lamba, muka manna ta a jikin bandirin, ta yadda mai saye zai ce “lamba 47 nake so” a maimakon “waccan mai ruwan ƙasa da ke gefen hagu”.

Sa farashi a fili kuwa abu ne da 'yan kasuwarmu da yawa ba sa so, saboda ciniki al'adarmu ce, saboda maƙwabci zai gani, kuma saboda farashi yana motsi da canjin Dala. Na fahimci wannan, amma ra'ayina shi ne a sa. Mutumin da ke duba kaya da tsakar dare a wani gari, idan bai ga farashi ba, yawanci ba ya tambaya, wucewa yake yi. Idan farashin ba ya zama wuri ɗaya, a rubuta “daga Naira kaza” tare da ranar da aka sabunta shi, farashin sari kuma a bar shi sai an yi magana. Abin da ya fi rashin farashi muni shi ne tsohon farashi, domin mai saye zai ɗauka an yaudare shi ne.

Harshe kuma ya bi mai saye. Idan yawancin masu sayenka Hausawa ne, ka rubuta da Hausa irin wadda kake magana da ita a shago, ka ƙara taƙaitaccen bayani da Turanci saboda baƙi, ko da Faransanci idan kana ciniki da Maraɗi da Damagaram da Yamai. Ka yi amfani da sunayen da mutane suke rubutawa idan suna bincike. Abin da muke kira atamfa, mutanen kudu ankara suke ce masa, kuma idan kana neman cinikinsu dole kalmar ta fito a shafin.

A waya za a buɗe shi

Magini zai nuna maka shafin ne a kan babbar kwamfutarsa, amma kusan duk wanda zai ziyarce shi da waya zai shigo, sau da yawa ƙaramar waya, da data ƙididdigagge, a wurin da sabis yake zuwa yana ɗaukewa. Lissafin a bayyane yake. Hoton da wayar zamani take ɗauka yakan kai megabait huɗu, don haka fuskar da ke da hoto 20 za ta ci megabait 80 kafin ta gama buɗewa, kuma babu mai jira. Idan aka matse kowane hoto ya koma kilobait 150, wanda ya isa ya fito da kyau a allon waya, duka fuskar ba za ta wuce megabait uku ba. Kafin ka biya cikon kuɗin aiki, ka karɓi wayar yaron shago, ka kashe wayafai, ka buɗe shafin a tsakiyar kasuwa, ka ƙirga daƙiƙoƙin da zai ɗauka. Google yana da ma'aunin sauri na kyauta mai suna PageSpeed Insights, wanda za ka sa adireshin ya nuna maka abin da ke jan shafin baya. Ka tabbatar kuma adireshin yana farawa da https, domin tun 2018 manhajar Chrome take yi wa shafin da ba shi da wannan kariyar tambarin rashin tsaro, kuma cibiyar Let's Encrypt tana ba da takardar kariyar kyauta, don haka bai kamata a caje ka kuɗi mai yawa a kanta ba.

Maɓallin da ya fi kowanne amfani shi ne na WhatsApp. Ana haɗa shi ne da rubuta wa.me, sai alamar /, sai 234, sai lambarka ba tare da sifilin farko ba, kuma ana iya shirya shi yadda saƙon zai fito da lambar kayan a rubuce. Lambar ta zama ta shago, ba ta yaron da zai iya barin aiki gobe ba.

Kuɗi da aikawa

Ba lallai ne a fara da kanti mai kwandon saye da biyan kuɗi ta kati ba. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutane suka saba da tura kuɗi ta waya, kuma ga shago mai ciniki kaɗan a rana, lambar asusu mai ɗauke da sunan kasuwancin ta wadatar. Sharaɗin kawai shi ne kada a saki kaya saboda hoton rasit ko saƙon alat, sai an buɗe manhajar banki an ga kuɗin ya zauna, domin alat na bogi ya cuci 'yan kasuwa da yawa. Ka rubuta a shafin cewa wannan asusun kaɗai kake karɓar kuɗi da shi, saboda masu buɗe shafin ƙarya da sunan mutane. Idan ciniki ya ƙaru, ko masu saye daga waje suka yi yawa, sai a haɗa da kamfanonin karɓar kuɗi irin su Paystack ko Flutterwave, waɗanda suke cire ɗan kaso daga kowane ciniki. Ka karanta jadawalin cajinsu ka sa shi cikin lissafin ribarka, domin a sana'ar da ribar turmi ba ta da yawa, kaso ɗaya ko biyu cikin ɗari abin dubawa ne.

A fuskar aikawa ka faɗi gaskiyar yadda kake yi: ta tasha ake ba direba, ko ta kamfanin aika kaya, kwana nawa yake ɗauka zuwa manyan garuruwa, wa ke biyan kuɗin mota, kuma wa ke ɗaukar asara idan kaya ya ɓata a hanya. Tun da za ka riƙa karɓar sunaye da lambobi da adireshin mutane, ka sani cewa Najeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023. Ka karɓi abin da aikin ke buƙata kawai, ka faɗi abin da za ka yi da shi, kuma kada ka zuba lambobin masu saye a cikin zauren talla ba da izininsu ba. Ko babu doka, amana ce.

Yarjejeniya da magini

Sai bayan duk wannan ya kammala a takarda za a nemi wanda zai gina. Ka ce ya nuna maka shafuka uku da ya yi waɗanda suke aiki har yanzu, ka buɗe su a wayarka, ka kira masu su ka ji yadda ya riƙe su bayan an gama biya. Ka fi son wanda zai gina a kan sanannen tsari kamar WordPress, wanda yake nan tun 2003 kuma masu iya gyaransa suna da yawa a kowane babban gari, domin idan kun rabu wani zai iya ci gaba daga inda ya tsaya. A rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce, a faɗi adadin fuskoki, da ranar gamawa, da kuɗin gini dabam, da kuɗin kowace shekara dabam, da wanda zai riƙa ajiye kwafin shafin, da kuma sharaɗin cewa zai koya wa mutum ɗaya a shagon yadda ake sa hoto da canza farashi. Kuɗin a biya shi kashi-kashi, kason ƙarshe bayan an miƙa maka dukkan kalmomin sirri ka gwada su da hannunka. Kada kuma ka zuba duk abin da ka ware a kan gini, ka bar wani kaso na hotuna da data da sabuntawar shekara mai zuwa.

Bayan an buɗe

Shafi ba ya kiran mutane da kansa. Ka yi wa shagon rajista a Google Business Profile, wanda kyauta ne, kuma shi ke sa sunan shago ya fito a taswira da lambar waya da lokutan buɗewa idan wani ya bincika, sannan ka roƙi masu sayen da suka ji daɗin hulɗa da kai su rubuta ra'ayinsu a can da kansu. Ka sa adireshin a rasit da leda da allon shago da bayanin asusunka na kowane dandali, kuma duk hoton da ka ɗora a sitatus ka haɗa shi da mahaɗin da zai kai mutum ga kayan kai tsaye.

Ka ware wa mutum ɗaya rana ɗaya a mako, ya cire abin da ya ƙare, ya sa sabo, ya gyara farashi. Ka bi kalandar sana'arka: mai yadi ya san cewa cinikin ƙaramar Sallah yana farawa tun kafin azumi, saboda teloli sukan daina karɓar ɗinki idan watan ya yi nisa, don haka sababbin hotuna su hau tun cikin Sha'aban. Game da aunawa, manhajar Google Search Console tana nuna kalmomin da mutane suka rubuta har suka iso gare ka, amma ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne tambayar da Baffa bai yi ba a karon farko. A sabon littafin cinikinsa mun ƙara layi ɗaya a gefen dama, kuma duk baƙon da ya saya, yaron shago yakan tambaye shi, “Ranka ya daɗe, a ina ka samu labarinmu?” ya rubuta amsar. Bayan wata uku a zauna a ƙirga, a ga nawa ne suka zo ta shafi, wane kaya suka fi tambaya, wace fuska ce babu mai buɗewa, sannan a yanke shawarar abin da za a ƙara da abin da za a cire kafin a kashe wani kuɗin.